Ranar da Uba Zai Ware wa Gidansa

Ƙannena samari da 'yan mata, musamman ku da kuka yi aure bara ko bana, da ku da kuke ta tara kuɗin lefe, ina so mu yi magana a kan wani haƙƙi da ba a cika ambatonsa ba ranar ɗaurin aure. A wurin nan waliyyai sukan ja kunnen ango a kan ci da sha da sutura da wurin kwana, kuma gaskiyarsu ne. Amma 'ya'yan da za a haifa a gidan suna da wani haƙƙi da ba ya shiga kwandon cefane. Haƙƙinsu ne su san ubansu, su ji dariyarsa, su riƙe hannunsa a hanya, su yi masa tambaya ba tare da gabansu ya faɗi ba. Wannan kuwa ba ya samuwa sai uban ya ware musu lokaci da gangan, ya ce wunin yau na gidana ne, kowane abu ya jira.

Ku dubi yadda mako yake tafiya a nan Guéné. Garin yana bakin babbar hanyar da ta taso daga Kwatano, ta ratsa Paraku da Kandi, ta dire a Malanville bayan tafiyar fiye da kilomita 700, kuma daga Guéné ne hanyar Karimama take rabuwa. Gari ne na ciniki da zirga-zirga. Direban babbar mota in ya nufi bakin teku sai a yi mako ba a sa shi a ido ba. Dillalin shanu yana kara tun sassafe. Manomi da damina yana gonar dawa da masara da auduga, da rani yana lambun albasa. Ɗan kabu-kabu bai san wata rana wai ita hutu ba. Makarantun boko kuwa suna rufewa Asabar da Lahadi, daidai lokacin da kasuwar Malanville take cika ta batse, ita da ake lissafawa a sahun gaba na kasuwannin Benin bayan Dantokpa ta Kwatano. Ke nan ranar da yaro yake gida ita ce ranar da ubansa ya fi nisa da gida. Ya fita suna barci, ya dawo suna barci, a haka shekara take zagayowa.

Wannan rashin zama ba yau ya fara ba. Da yawa daga cikin Hausawan wannan yanki jikokin fatake ne, waɗanda ayarinsu yake tasowa daga Kano da Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ya nufi Gwanja sayen goro. Tafiya ce ta watanni, uba ya bar jariri a goye ya dawo ya tarar yana rarrafe. Hutun kwana biyu a ƙarshen mako ma ba gadonmu ba ne. Tsarin ma'aikatan albashi ne da ya yaɗu daga masana'antun Turai da Amurka, inda kamfanin motoci na Ford ya mayar da makon aiki kwana 5 a shekarar 1926. Mu abin da muka tashi muka tarar shi ne hutun Alhamis da Juma'a na makarantar allo, da ranar kasuwa, da yawon Sallah. Saboda haka ba ina cewa kowa ya kulle shagonsa duk Asabar ba ne, wanda ya yi haka zai kwana da yunwa. Abin da nake roƙo ya fi wannan sauƙi. A cikin wata ɗaya, ko wata biyu in abin ya yi wuya, ka zaɓi Asabar da Lahadi guda ka ba iyalinka su gaba ɗaya. Ka bar wa yaron shago ko abokin ciniki amanar rumfa, kamar yadda kake bar masa in an yi rasuwa ko biki a dangi. Tunda kana iya rufe ciniki saboda ta'aziyyar wanda ya mutu, kana iya rufewa saboda waɗanda suke raye a cikin gidanka.

Na san abin da za a ce a majalisa. Za a ce wane ya zama mijin tace, za a ce wasa da yaro yana jawo raini, za a ce mu ba mu taso haka ba. Gaskiya ne al'adarmu ta gina kunya tsakanin uba da ɗa, har akwai gidajen da uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya cin abinci tare da 'ya'yansa. Kunya ado ce, ba na so ku yar da ita. Amma a da, in uba ya ja jiki, akwai kaka a zaure, akwai baffa da kawu a gida ɗaya, akwai gona inda uba da ɗa suke wuni kafaɗa da kafaɗa suna noma, magana tana shiga tsakaninsu ko ba su shirya ba. Yau gandu ya watse a gidaje da yawa, kowa ya ware da matarsa, yaro yana lakwal da safe, yana allo da yamma. In uba ya ƙara jan jiki a kan wannan, ba wanda zai cike gurbin sai titi. Kwarjini kuma ba ya zubewa don ka yi dariya da ɗanka. Abin da yake zubar da shi shi ne yaro ya kama ka da ƙarya, ko ka yi alkawari ka saɓa, ko ya ga kana wulaƙanta mahaifiyarsa.

Wanda yake ganin wasa da iyali ƙasƙanci ne ya koma ga tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ba a taɓa yin mai kwarjini kamarsa ba. Ya yi tseren gudu da matarsa Nana A'isha a cikin tafiya, ta tsere masa, daga baya suka sake ya tsere mata. Ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasansa. Ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, shi kuma ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Manzon Allah ya nuna masa cewa wannan rashin jinƙai ne, ba abin alfahari ba. Yakan tsaya ya tambayi ƙanen Anas ɗan Malik labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Mutumin da yake jagorantar al'umma gaba ɗaya ya samu sukunin tambayar yaro labarin tsuntsunsa. Wane ciniki ne namu da ya fi wannan nauyi?

To, bari in kwatanta muku yadda irin wannan hutun zai kasance ga magidancin Guéné mai matsakaicin ƙarfi, wanda ba shi da mota, sai babur da 'yan kuɗin da ya ɗan tara.

Abin yana farawa tun kafin ranar. Ka faɗa wa yara tun Laraba ko Alhamis cewa ran Asabar za mu je bakin kogi. Rabin daɗin yana cikin jira, za ka ji suna ƙirga kwanaki, suna gaya wa abokansu, suna wanke takalmansu ba wanda ya sa su. Amma ka sani daga lokacin da maganar ta fita bakinka ta zama bashi. In ka san ba ka da tabbas, ka yi shiru har ka tabbatar. Yaron da aka sa ya yi wanka ya sa kayan Sallah, ya zauna a ƙofar gida har azahar yana jiran uban da ya manta, ya koyi darasi mai ɗaci a ranar, wato maganar babba ba abin riƙewa ba ce. Ka kuma yi shawara da uwargida tun farko, domin ita ta san wanda yake tari, da wanda takalminsa ya tsinke, da abin da za a dafa a tafi da shi.

Ran Asabar ku yi sammako, ku shiga mota zuwa Malanville tun rana ba ta yi zafi ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an gama girbi, aljihu ya ɗan yi nauyi, iska tana da sanyi. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, fita da ƙananan yara a tsakar rana azaba ce. In kun isa, ka fara ratsa kasuwa da su, amma yau ba ciniki ya kawo ka ba. Ka bar su su tsaya inda idonsu ya tsaya. Su ga buhunan albasa jibge, su ga gari da manja da suka zo daga kudu, su ga busasshen kifi da barkono, su ji Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci da Yarbanci da Faransanci suna gauraya da Hausa a layi ɗaya. Ka ba kowane ɗaya 'yan kuɗi kaɗan ya sayi abin da ransa yake so, ya taya da bakinsa, a ce masa albarka, ya ƙara, a sallama masa. Ka tsaya a gefe kana kallo, kada ka karɓe cinikin. Lissafin da ya gagare shi a kan allon lakwal zai zauna masa daram ranar da ya ƙirga canjinsa da hannunsa.

Daga nan ku gangara bakin Kwara. A nan ne nake so ka daɗe, domin yara da yawa a Guéné sun girma kusa da ɗaya daga cikin manyan kogunan Afirka, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ba su labarinsa. Ka gaya musu ruwan nan daga duwatsun ƙasar Gini ya taso, ya bi ta Bamako, ya wuce kusa da Tambutu, ya ratsa Gawo da Yamai kafin ya iso gabansu, kuma daga nan zai shiga Najeriya ta ƙasar Kabi, ya bi ta Yawuri, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya faɗa teku bayan tafiyar kusan kilomita 4,200. Ka tambaye su me ya sa kogin yake cika a cikin hunturu alhali an daɗe da ɗauke ruwan sama. In sun gaji da cinta, ka bayyana musu cewa ruwan daminar Gini ne, wanda ya bazu a fadamun Masina a Mali ya yi watanni yana jan ƙafa kafin ya ƙaraso. Ka nuna musu gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, ka ce can ƙetare Nijar ce, kuma mutanen can danginmu ne, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, duk da rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya wahalar da zumunci da ciniki, har mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale. In akwai babba a cikinsu, ka ba shi labarin tsibirin Lete, wanda Benin da Nijar suka daɗe suna jayayya a kansa, a ƙarshe suka kai ƙara Kotun Duniya, ta yanke hukunci a 2005 cewa na Nijar ne, aka karɓa ba a yi yaƙi ba. Yaro ya ji cewa ƙasashe ma suna iya kai saɓaninsu gaban alƙali su haƙura.

Ku matsa wurin masunta, ku yi musu sallama. Bari yara su ga yadda ake gyaran taru da yadda ake jefa birgi, su bambance tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa. Ku leƙa fadamun shinkafar da ake shayarwa daga kogi, ka nuna musu cewa tuwon da suke ci daga irin wannan taɓon ya fito, da gumin wani. Sannan ku nemi inuwa ku shimfiɗa tabarma. Soyayyen kifi da yaji, ɗan tsire, fura da nono, wagashin Fulani in an samu, rake ko mangwaro gwargwadon lokaci. Ku ci a kwano ɗaya. Ka ɓare wa ƙaraminsu kifi da hannunka, ka cire masa ƙaya. In lokacin salla ya yi ka ja su jam'i a wurin, domin su tashi da sanin cewa nishaɗi da ibada ba sa faɗa da juna. Ku kama hanyar gida da la'asar sakaliya, kada magariba ta same ku a waje.

Lahadi kuma ba sai an shiga mota ba. Da safe ka riƙe hannunsu ku je gaida kakanni da gwaggo da inna, domin zumunta a ƙafa take, kuma yaron da bai san ƙofar gidajen danginsa ba tun yana ƙarami ba zai neme su ba in ya girma. A hanya ka riƙa warware musu dangantaka: wannan ƙanwar kakanku ce, wancan tare muka yi allo. In kana da gona ko lambu ku biya, ka ba kowa ɗan aikin da zai iya, ka nuna musu iyakar gonar da bishiyoyin da ke cikinta, wannan kaɗanya ce, wannan ɗorawa, waccan kuka. Duk ranar da hutunsu ya dace da cin kasuwar dabbobi ta Guéné, ka kai su kara su ga abin da mutane suke tahowa daga nesa dominsa. Su ga bambancin bunaji da rahaji da bokolo, su ga uda da balami, su ga yadda dillali yake buɗe bakin sa ya duba haƙori ya faɗi shekarunsa, su ji yadda ake ƙulla ciniki da yadda ake fitar da la'ada. Da yamma ka cire babbar riga ka shiga wasa. Ka buga ƙwallo da maza, ka koya musu dara a ƙasa, ka zauna ka kalli 'yan mata suna carafke, ka yaba wa wadda ta iya. Bayan isha a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, uwa ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kai kuma ka ba su labarin ƙuruciyarka da na mahaifinka, da inda kakanninku suka fito kafin su sauka a nan.

Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kansa, shi ne waya. Uban da ya kai yara bakin kogi ya zauna yana latsa waya, gangar jikinsa kaɗai ya kai. Ka sa ta a aljihu, ka amsa kiran da ya zama dole, sauran su jira dare. Kuma ku samari ku yi wa kanku adalci a kan maganar rashin lokaci. Asabar da Lahadi ne ake buga wasannin ƙwallon Turai, kuma gidajen kallo ba sa rasa magidanta. Akwai wanda zai lissafa maka 'yan wasan Real Madrid da Barcelona har da na benci, amma bai san sunan malamin ajin ɗansa ba, bai san ko bana ne 'yarsa za ta zauna jarrabawar CEP ba. Kallon ƙwallo ba laifi ba ne, amma wanda ya samu awa biyu saboda shi ba zai ce bai da awa biyu saboda jininsa ba.

Ribar da uba yake samu a irin wannan rana ta wuce dariya. Yaro ba ya buɗe cikinsa in an tsare shi da tambaya a zaure. Yana buɗewa ne a kan hanya, ko yana jefa tsakuwa a ruwa, ko bakinsa cike da rake. A nan ne za ka ji cewa wani babban yaro yana ƙwace masa kuɗin tara, ko ba ya ganin rubutun allo daga bayan aji, ko wani mutum yana tare 'yarka a hanyar talla yana ba ta kuɗi. Irin waɗannan maganganu in ba a ji su da wuri ba, sai sun zama abin kuka ake ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya matso kusa da iccen. Saboda haka in ya fara magana kada ka katse shi da faɗa. Ka saurara har ya gama, gyaran ya biyo baya a hankali, in ba haka ba ya rufe bakinsa ke nan.

Ba zan ɓoye muku halin da yankinmu yake ciki ba. A da, wanda yake da hali yakan kai iyalinsa Alfakwara, a kan hanyar Kandi, su ga giwaye a bakin Gandun Dajin W, wanda aka kafa tun 1954, kuma UNESCO ta sa ɓangarensa na Benin cikin wuraren tarihi na duniya a 2017 tare da Arli da Panjari. Amma tun harin nakiyoyin da ya hallaka ma'aikatan gandun a Fabrairun 2022, da hare-haren da suka biyo baya a wannan yanki, dajin ya daina zama wurin yawon buɗe ido ga mai iyali. Kada son burge yara ya kai ka inda hukuma ta hana, ko inda mutanen gari suka ce a yi hattara. Kafin kowace fita ka tambayi labarin hanya, ka ɗauki takardunka, ka gaya wa wani inda kuka nufa. Ka ba su labarin giwaye da ɓauna da zaki da baki, ku yi addu'a Allah ya dawo da zaman lafiya su je su gani da idonsu. Wannan hali ma shi ne ya ƙara wajabta kusantar 'ya'ya. Masu ɓata matasa, da mai sayar da ƙwaya da mai kiran mutane zuwa daji, duk da sauraro da sakin fuska suke fara jan yaro. Wanda ya saba samun waɗannan a wurin ubansa ba ya saurin sayuwa.

Sai hattara da hanya da ruwa. Kada ka ɗora mata da yara huɗu a babur ɗaya a kan titin da manyan motoci suke bi dare da rana. In kuɗin mota bai isa kowa ba, a rage nisan tafiya. Hular kwano kuma kanka take tsarewa, ba don tsoron ɗan sanda kaɗai ake sa ta ba. In za ku shiga kwalekwale, kada ku shiga wanda aka cika maƙil, kada ku shiga da duhu ko lokacin iska, kuma a nemi rigar ruwa. Da damina, wajen Agusta da Satumba, lokacin da kogi yake ambaliya a Malanville da Karimama, a nisanci gaɓa gaba ɗaya. Kada ka bar yara su yi wanka a kwantaccen ruwa, nan ake ɗaukar tsargiya, kuma ka tambayi masunta inda dorina take fitowa. Rana ɗaya ta farin ciki ba ta cancanci a biya ta da rai ba.

Ka kuma yi adalci. Kada fita ta zama ta 'ya'ya maza kaɗai, mata suna gida suna wanke-wanke. 'Yarka tana buƙatar ta ga kogi, ta ji tarihi, ta san ubanta yana alfahari da ita. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karantar da 'ya'yansa mata har Nana Asma'u ta zama malamar da ake ambato har yau, wannan kuwa bai yiwu ba sai da ya zauna da su. In kana da mata fiye da ɗaya, kada ka ɗauki 'ya'yan ɗaki ɗaya ka bar na ɗayan suna leƙe ta labule. Ko a tafi gaba ɗaya, ko a yi bi da bi a bayyane kowa ya san ranarsa. Lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai ya nemi Manzon Allah ya zama shaida, sai Manzon Allah ya ƙi, saboda ba a ba sauran 'ya'yan ba. In haka ne a kan kyautar dukiya, to kyautar lokaci ma tana buƙatar ma'auni. Gabar da ake gani tsakanin 'yan uba ranar rabon gado sau da yawa tun suna yara aka shuka ta. Uwar yaran kuma kada ta zama mai dafa abincin tafiya kawai. A tafi da ita, ko in fitar ba ta yiwu ba, ka kwashe yaran ka ba ta wuni guda ta huta, ta je gidansu, ta yi kitso a natse.

Ku 'yan mata, ƙannena, kuna da hannu a wannan. In Allah ya kai ku ɗakunanku, kada ku mayar da uba dodon gida, kullum bari babanku ya dawo. Yaron da aka saba tsoratarwa da ubansa ba zai ruga ya tare shi a ƙofa ba. Ku riƙa ba miji labarin abin kirkin da yara suka yi, ba laifinsu kaɗai ba. In ya yi niyyar fita da su ku ƙarfafa shi, kada ku raina abin da ya iya don bai kai na maƙwabci ba. Kuma tun wurin zaɓen miji, ku lura da yadda saurayi yake mu'amala da ƙannensa da 'ya'yan yayyensa, domin yadda yake yi musu haka zai yi wa naku.

Akwai a cikinku wanda zai ce shi ubansa bai taɓa kai shi ko'ina ba. Kada ka riƙe shi a zuciya. Mai yiwuwa shi ma haka ya taso, kuma wahalar da ya sha don ka ci ka ƙoshi ita ce hanyar da ya sani ta nuna ƙauna. In yana raye, kai ka fara. Ka je ka zauna kusa da shi, ka tambaye shi yadda garin nan yake kafin a shimfiɗa kwalta, ka kai masa jikokinsa. Za ka yi mamakin yadda dattijon da bai taɓa wasa da kai ba zai rarrafa a tabarma da ɗanka. Wanda kuma sana'a ta nisanta shi, direba ko ɗan ci-rani a Kwatano ko Legas, ya sa wa kansa doka cewa wunin farko bayan dawowa na gida ne, majalisa ta jira gobe. Kuma in za ku fita, ku waiwaya ku ga marayan da ke gidan ko a maƙwabta. Wuri ɗaya a mota da kifi ɗaya ba za su karya ka ba, shi kuwa ba zai manta ba har ya tsufa.

Kada kuɗi su zama hujja. 'Yan kuɗin da aka tara a hankali sun isa motar zuwa da dawowa da ɗan abin taɓawa ga ƙaramin iyali, ranar da babu kuwa, gona da gidan kaka da tabarmar tsakar gida ba sa cin ko dala. Kada ka ci bashi don a ce ka yi, kada ka yi don a ɗauki hoto a sa a Facebook. Abin da yaran suke so shi ne kai, da hankalinka a kansu, da fuskarka a sake.

Shekarun da yaro yake ɗokin fita da ubansa kaɗan ne. Daga ya fara tafiya zuwa ya balaga, bayan nan abokai ne za su ja shi, kai ne za ka koma neman ya zauna da kai. Don haka kada ka ce sai na yi kuɗi, sai na gama gini, sai an buɗe iyaka. Yau da daddare ka zauna da matarka ku duba wata mai kamawa, ku tsayar da Asabar ɗaya, ka nemi wanda zai riƙe maka rumfa, sannan ka kira yaran ka gaya musu, ka kuma cika. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka, ya ba ku ikon sauke haƙƙinta, ya zaunar da Guéné da Malanville da Karimama da Gaya lafiya.